Dabinon Tuba da Tulun Zumunta

Ni ne mutumin da ya fara raba dabino a makarantar Lahadi ta cocinmu da ke unguwar Umarari a Maiduguri, kuma ina so a rubuta wannan a ajiye tun ina da sauran numfashi, domin na ji yaran yanzu sun fara cewa dabarar wani Bature ce. Babu wani Bature. Ni ne, da kekena, da aljihun rigata.

Karatuna bai yi tsawo ba. Aji uku na yi a makarantar mishan can ƙauyenmu a kudancin Borno. Ina shirin shiga na huɗu, awakin babana suka aiko cewa rayuwa ba za ta yiwu ba in ba ni. Amma aji uku na wancan zamani ba abin wasa ba ne. Da shi na zo Maiduguri na zama masinja a wata ma'aikata, ina ɗaukar takarda daga wannan tebur in kai wancan. Da shi kuma Fasto ya dube ni wata Lahadi, a shekarun da naira ke sabuwa, ya ce, "Malam, kai za ka riƙe mana ƙananan yara." Matata ta ce don muryata tana tsallake katanga ne aka zaɓe ni. Ni na san don ilimi ne.

Ajinmu gindin dogon yaro ne a bayan coci, kan tabarmi. 'Ya'yan malaman makaranta, da na akawuna, da na 'yan sanda. Wannan Bura ake yi a gidansu, wancan Margi, amma in an taru Hausa ake yi, in faɗa ya tashi kuma a koma Kanurin da aka tsinta a layi, don zagi ya fi zama daram a cikinsa. Yara ne masu kyau. Matsalarsu guda ce: babu wanda ya taɓa yin laifi a cikinsu. Wa ya zubar da ruwan randa? Ba ni ba ne. Wa ya mintsini wannan har take kuka? Ba ni ba ne. In ka kama hannun yaro cikin kwano, sai ya dubi hannun da mamaki, kamar yau suka fara haɗuwa.

Na yi musu wa'azi iyakar aji uku. Na ce Yesu bai zo don masu cewa ba ni ba ne ba. Na ce wanda ya faɗi laifinsa da bakinsa, Allah yana yafe masa, wanda ya ɓoye kuwa kamar wanda ya rufe ƙaya cikin tafin ƙafa ne, tafiya yake tana ƙara shiga. Suka ce amin da ƙarfi, suka ci gaba da rashin laifinsu.

Sai na zauna na yi tunani irin na manya. Na biya kasuwa na sayo dabino. Ranar Lahadi na kafa doka: duk wanda ya miƙe ya faɗi laifin da ya yi a makon, sauran za su amsa, "Mun yafe, Allah ya yafe," ni kuma in sa masa dabino a hannu.

Jama'a, ban taɓa ganin farkawa irin wannan ba. Makon farko aka samu wanda ya lashi miyar babansa, da wadda ta yi wa kakarta gwalo ta baya. Na koma gida na ce wa matata, "Yau Ruhu ya yi aiki." Ta ce, "Ruhu ko dabino?" Ba kowace tambaya ce ta cancanci amsar malami ba.

Kafin a jima laifi ya fara girma fiye da masu shi. Wani ɗan mitsitsi da ko wandonsa ba ya iya ɗaurewa ya miƙe ya ce ya saci raƙumin wani Shuwa. Na ce, "Ina ka kai shi?" Ya ce yana ƙarƙashin gadon mamansa. Wata ta ce ta zagi jirgin sama. Wata kuma ta miƙe a natse ta ce, "Malam, ni ban samu yin laifi ba wannan makon, zazzaɓi na yi, amma yayana ya ba ni aron nasa." Na san akwai gyara a tsarin. Amma na ce a raina, bakin da ya saba cewa ni ne, wata rana zai faɗe shi a inda ya dace. Har gobe ban janye wannan magana ba.

To, a cocinmu akwai zumuntar mata, kuma zumuntar mata tana da tulu. Ba na ruwa ba, na kiɗa. Babban tulun ƙasa ne da ake ɗorawa kan gammo, a riƙa dukan bakinsa da faifan soso, yana ba da wata murya mai zurfi da kake ji a cikinka kafin kunnenka ya ji. In matan nan suka ɗaura zane iri ɗaya suka tashi waƙa, tulun ne ke riƙe da ƙafar kowa. Mai shi ita ce Uwar Zumunta, wata dattijuwa mai sayar da ƙosai a unguwar Fezzan, wadda Fasto kansa yakan gyara tsayuwa in ta yi gyaran murya. Marigayiya mahaifiyarta ce ta gina tulun da hannunta can gida, ita kuma ta rungumo shi a cinya cikin babbar mota har Maiduguri. Ana ajiye shi a ɗan ɗakin kaya da ke jikin coci, kuma kowane yaro ya san taɓa shi daidai yake da taɓa wutar lantarki.

Saura mako guda Ista, muna tsakiyar aji, sai ga Uwar Zumunta ta zagayo bayan coci rungume da tulun. Ta ajiye shi gabanmu ta juya shi. Tsaga ce tun daga wuya har ciki. Ta ɗan doki bakinsa, ya yi wani sauti kamar tsoho mai mura.

Ta ce, "Malam, jiya da rana aka bar ɗakin kaya a buɗe ana shara. Yaranka ne kaɗai ke yawo a nan. An ce ka koya musu faɗin gaskiya. To, ina ji."

Na gyara riga, na ce, "Yara, wa ya fasa tulun Mama?"

Hannuwa suka tashi kamar gero a gona. Har mai raƙumi.

Uwar Zumunta ta dube su, ta dube ni. Na ce, "Mama, kin ga yadda aikin ya kankama." Ba ta yi dariya ba.

A cikinsu akwai ɗan wani Kofur na 'yan sanda, yaro mai kunnuwa kamar faifai, wanda ƙwallon tsumma ba ta rabuwa da ƙafarsa. Da ya ga masu neman laifin sun yi yawa, sai ya miƙe ya kawo hujja. Ya ce ƙwallo ya buga, ta shiga ta ƙofa, ta doki tulun, tulun ya gangaro daga gammo ya ce ƙwas. Har ya nuna da wace ƙafa. Labarin ya zauna daidai, kowa ya sauke hannu. Yara suka amsa, "Mun yafe, Allah ya yafe." Uwar Zumunta ta ce, "Ku kuka yafe. Tulun naku ne?" Ta ɗauki abinta ta tafi neman uwar yaron.

Shi kuwa ya matso ya miƙo hannu biyu, ya ce a hankali, "Malam, laifin tulu ai ya fi na dabino ɗaya ko?"

Nan na gane akwai magana. Wanda ya fasa abu da gaske ba ya ciniki.

Na waiga ina duban ajin, sai idona ya sauka kan autata. Shekarunta ba su wuce bakwai ba a lokacin, kuma ita ce sarauniyar masu tuba, kullum hannunta ne na farko. Ran nan hannuwanta biyu suna ƙarƙashin cinyarta. Tana kallon tururuwa kamar an ba ta aikin ƙirga su.

Kafin a tashi daga coci labari ya iso mini. Kofur, uban yaron, yana bakin aiki can wajen iyaka, ranar Jumma'a zai dawo. Matarsa ta ce in ya dawo, fatar yaron da bel ɗinsa za su gaisa. Kofur mutum ne da ba ya duka da wasa, kuma dama ba son zuwan yaransa coci yake ba, matar ce ke fama. Ta ce mini tana share ido, "Malam, in ya ji wannan abin kunya, shi ke nan, ba za su sake takowa nan ba." Yaron da ya ji zancen bel sai ya fara rantsuwa cewa ba shi ba ne. Wa zai yarda? Ya riga ya nuna ƙafa.

A gida, auta ta ƙi tuwo. Washegari ta ƙi kunu. Yarinyar da ke tashinmu da waƙa ta koma kamar an cire mata batir. Matata ta jawo ni gefe ta ce, "Ka ga babban yatsan ƙafarta? Ya kumbura. Abu mai nauyi ne ya faɗo masa. Kuma ranar Asabar ɗankwalina ya ɓace, na same shi da jar ƙasa. Bari in sa ta a ɗaki, kafin ruwa ya tafasa za ta faɗa."

Na ce, "A'a. Abin da aka ciro da filaya haƙori ne, ba tuba ba."

Ta ce, "To, malamin aji uku, Jumma'a tana zuwa. Ɗan mutane za a daka."

Gaskiyarta. Amma ni abin da nake tsoro biyu ne. In na yi shiru, za a daki marar laifi, a raba gida guda da coci. In na matse ta, za ta koyi cewa gaskiya abu ce da ake ƙwacewa hannun wanda bai iya ɓuya ba, gaba sai ta ƙara iya ɓuya. Don haka na yi abin da masinja ya iya: na kai saƙo na ajiye a tebur, na jira. Muna cin abinci na ce wa matata, da murya ta mai tsallake katanga, "Kin ji Kofur zai dawo Jumma'a? An ce bel ɗinsa mai ƙarfe ne a baki. Kuma yaran ba za su ƙara zuwa aji ba. Kayya." Ban dubi auta ba. Na ji dai cokali ya tsaya.

Ranar Alhamis da la'asar ina gyaran sarƙar keke a ƙofar gida, ta zo ta tsuguna tana juya feda da hannu.

"Baba."

"Na'am, uwata."

"In mutum ya gaya wa Allah abu a ɓoye, ya ce ya yi haƙuri, ya isa?"

Na ce, "Allah ya ji, kuma ba ya mayar da mai tuba. Amma gaya mini, in kika taka ƙafar mamanki, sama za ki kalla ki ce yi haƙuri, ki wuce?"

Ta ci gaba da juya feda. Ta ce, "In kuma wani za a daka?"

"To ai kin ga ba bayan Allah bel ɗin zai sauka ba."

Sai ta saki fedar. Maganar ta fito a guntu-guntu, da majina. Ta ɗaura ɗankwalin uwarta ne ta shiga ɗakin kaya don ta zama 'yar zumunta. Tulun ya yi mata tsawo, ta jawo shi don ta kai bakinsa, ya sauko daga gammo ya bi ta kan yatsanta ya daki bango. Ta mayar da shi, ta juya tsagar wajen bango, ta gudu.

Na ce, "Na ji. Ni ubanki na yafe ɓoyewar da kika yi mini. Amma tulun ba nawa ba ne."

"Kaka mai tulun za ta dake ni?"

Na so in ce a'a. Amma mai koyar da gaskiya ba ya fara darasi da ƙarya. Na ce, "Wataƙila. Ban sani ba."

"Za ka ba ni dabino?"

"Babu dabino."

Ta ja hanci. "Za ka tsaya kusa?"

"Ƙafata tana taɓa taki."

Jumma'a bayan an fito sujadar safe na ɗora ta a keke muka nufi Fezzan, rana tana dukan ƙeya irin ta watan Ista. Muka sami Uwar Zumunta a tsakar gida tana surfa wake, tulun yana jingine a inuwa an lulluɓe shi da zane kamar majinyaci. Muka gaisa. Na ce, "Mama, jikarki ce ke da magana." Na ja bakina na rufe, abin da matata ta ce shi ne al'ajibin farko na wannan Ista.

Auta ta durƙusa. Muryar kamar ta sauro. "Kaka, ni ce na fasa. Ba shi ba ne."

Dattijuwar ta ajiye taɓarya. "Ke ma dabino kike so?"

"Baba ya ce babu." Ta miƙo ƙafa ta nuna yatsan.

Uwar Zumunta ta daɗe tana kallon yatsan nan. Ta je ta yaye zanen, ta shafa tsagar da tafin hannu. Ta ce, ba da mu take ba, "Nan wurin sawun yatsun uwata ne. Tana gina shi ina riƙe mata ruwa." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Auta ta fashe da kuka. Ni kuma wani abu ya shiga idona, ƙila ƙaiƙayin wake.

Can ta ce, "Me ya kai ki?"

"Ina so in iya kiɗa irin naki."

"Shi ne ba ki zo kin tambaye ni ba? Ni kura ce?" Ta zauna kan turmi ta jawo yarinyar jikinta. "Ki ji da kyau. Abin ya yi mini ciwo, kuma zai daɗe yana yi. Tulun ba zai koma yadda yake ba. Amma yau wace rana ce? Yau aka rataye Mai Ceto saboda abin da ni na fasa, kuma nawa ya fi tulu. Na yafe miki. Tashi, kar ki ƙara durƙusa a kan wannan magana." Sai ta juyo kaina. "Kai kuma, mai dabino, tayar da kekenka. Akwai yaron da za a daka."

Haka muka shiga barikin 'yan sanda, ita a gaba da mayafi tana tafiya kamar mai zuwa kama ɓarawo, ni ina tura keke, auta tana ɗingishi. Mun zo a kan gaɓa. Kofur ya dawo, ko takalmi bai cire ba, bel yana hannunsa, yaron yana bayan randa, uwar tana ba da haƙuri.

Uwar Zumunta ta ce, "Ɗana, sannu da hanya. Mayar da abin nan ƙugunka kafin wandonka ya ba mu kunya."

Auta ta sake faɗin maganarta, wannan karon da ɗan ƙarfi. Na lura gaskiya tana da wannan hali, fitowarta ta biyu ta fi ta farko sauƙi.

Kofur ya juya wajen randa. "Kai! Fito. To me ya sa ka ce kai ne?"

Yaron ya fito kunnuwa a sanyaye. Ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Dabino nake so, Baba. Ƙarya na yi. Na yi wa Kaka ƙarya, na yi wa Malam."

Ku rubuta wannan: duk tsawon zamansa a ajina, wannan ne laifi na farko da ya faɗa wanda nasa ne na kansa.

Kofur ya ce, "Madalla. Da na tulu zan yi maka, yanzu na ƙarya zan yi." Ya naɗe bel a hannu.

Uwar Zumunta ta shiga tsakaninsu. "Ni aka yi wa ƙaryar, ni ke da tulun, na yafe duka biyu. Kai da ba ka yi asarar ko murfi ba, me kake bi? Yaro ya faɗi gaskiya gaban bel. In ka dake shi yanzu, ka koya masa kar ya ƙara."

Kofur ya tsaya yana huci. Ya dube ni. "Malam, wai da gaske dabino kake ba su in sun yi laifi?"

Na ce, "In sun faɗa, ranka ya daɗe. Akwai bambanci."

"Mu a wajen aikinmu in mutum ya amsa laifi, ɗaki muke ba shi."

"Shi ya sa ba mai amsa muku."

Matarsa ta rufe baki da mayafi. Shi ma gefen gashin bakinsa ya motsa. Ya zura bel ɗin a wando, rami bayan rami, ya ce a kawo wa baƙi ruwa.

Tulun kuwa, maƙwabciyar Uwar Zumunta ce ta ɗauki nauyinsa, wata Hajja Kanuri da suka shekara suna musayar tuwon salla da shinkafar Kirsimeti ta kan katanga. Ta jiƙa ƙaro ta kwaɓa da toka, ta cike tsagar, ta ɗaure wuyan da tsumma. Ta ce ruwa dai ba zai riƙe ba, amma waƙa ba ta yoyo.

Ranar Ista matan suka tashi da zanensu iri ɗaya. Muryar tulun ta dushe, duk mai kunne ya ji. Uwar Zumunta ta doke shi haka nan, kuma a gabanta, zaune a ƙasa, auta ce ta rungume gindinsa da hannu biyu don kar ya motsa daga gammo. Wannan ya zama aikinta daga ranar. A bencin baya kuma ga Kofur cikin farar riga, ya zo, a cewarsa, don ya ga inda ake biyan masu laifi. Yaransa suna gaba.

Lahadin da ta biyo na gyara doka. Tun kafin a buɗe baki, na bi layi na sa wa kowa dabino a hannu, mai laifi da marar laifi. Na ce, "Wannan kyauta ce, ba lada ba. Haka Allah yake yi, shi yake fara bayarwa. Yanzu wanda ke da abin faɗa ya faɗa." Matata tana cewa ita ta kawo wannan shawara tana tankaɗe. Ban tuna haka ba, kuma ni ne mai rubutu.

Aka yi tsit, sai ƙarar tauna. Ba raƙumi, ba jirgin sama. Can ɗan Kofur ya ɗaga hannu, ya cire ƙwallon dabino daga baki, ya ce shi ne ya sace wa Fasto iskar tayar keke tun kafin Kirsimeti. Wannan kam gaskiya ne, don ni na tura keken har wajen mai faci.

Yara suka amsa, "Mun yafe, Allah ya yafe."

Auta ta ce, "Kekenku ne? Tashi mu je wajen Fasto. Zan tsaya kusa."